Waƙoƙin Yaya da Na Goge

Ni na yi laifi, kuma ba zan raba shi da kowa ba. Yayana ya ba ni ajiyar waƙoƙinsa na shekara da shekaru, na goge su da hannuna, sannan na yi ta ce masa suna nan lafiya har furfura ta cika mini gemu. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ɗan firamare, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru kawai.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, a unguwar Zogbeli cikin garin Tamale aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya gaji da fataucin goro. Yaya ya girme ni da shekara takwas. Tun yana saurayi ya ɗauki jita, abin da ba wanda ya taɓa yi a gidanmu. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji ya sa masa ido. Yaya yakan fara waƙa da Hausa, ya juya ta Dagwambanci a tsakiya, in ya ga 'yan kudu a wurin ya jefa musu ɗan yarensu su ma su yi ihu. Ba a suna ko aure a unguwarmu ba a neme shi ba.

Abu na farko da aka ɗauka nasa faifai ne ƙarami baƙi, waƙa ɗaya kowane gefe. A Kumasi aka yi shi, lokacin da ya bi wasu makaɗa can. Ba mu da abin sa shi a gida, sai muka ɗunguma har da Innarmu zuwa shagon wani tela mai garmaho. Faifan yana nan har yau, zafi ya lanƙwasa shi, kuma ban san mai abin sa shi ba a duk Tamale.

Da kaset ya shigo gari ne aikinsa da nawa suka haɗu. Na riga na koyi gyaran rediyo, ina da 'yar rumfar katako ta wajen unguwar Sakasaka, ina gyara ina kuma buga kaset ina sayarwa. A ɗakin Yaya muke ɗaukar waƙa. Mu jingina katifu a bango, mu toshe taga da tabarma, mu rataye makirfo ɗaya a tsakiya. Maƙwabcinmu yana da injin niƙa, sai mu jira ya kashe shi bayan azahar, mu yi abin da za mu yi kafin a kira la'asar. Yaya da jita, wani abokinsa da kalangu, wani da kwalba da ƙusa. Ni ne mai danna inji. In mutum ɗaya ya kuskure, ko zakara ya yi cara a tsakar gida, sai a koma farko. Gumi kamar an watsa mana ruwa.

Kaset ɗin da aka ɗauka a ɗakin shi muke kira uwa, daga gare shi ake buga na sayarwa. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu na roba. In an ɓalle su sai rami ya bayyana, inji ba zai yarda a ɗora wani abu a kan kaset ɗin ba. Yaya da kansa yake ɓalle su da tsinin wuƙa, ya rubuta lamba da sunayen waƙoƙin da manyan baƙaƙe, ya miƙo mini ya ce, "Injiniya, ga amana." Injiniya yake ce mini, don tsokana.

Uwaye ashirin da uku muka yi a haka. Na farko-farko masu sauri ne, 'yan mata da tashar mota da hanyar Kumasi. Daga lamba biyar murya ta biyu ta shigo, ta matarsa. Mai sayar da koko ce da safe, uwarta Badagwamba, muryarta siririya mai tashi sama. Ita take yi masa amshi. In ya ja baiti ya sake, sai ta cafe shi tun bai faɗi ba. Tana wasa da ni irin na matar wa da ƙanen miji, mijina ƙarami take ce mini, kuma kullum sai ta ce kokon da ta ba ni na jiya ne. Waƙoƙin tsakiya sun fi nauyi. Akwai ta layin ruwa da jarkoki, akwai ta rasuwar Innarmu wadda sai da muka sake ta sau huɗu saboda murya tana ƙwace masa. Lamba goma jita ce da muryoyinsu biyu kaɗai, don mai kalangu ya yi fushi ya tafi.

A lamba bakwai akwai waƙata. Ta wani injiniya ce da ake kawo wa rediyo mai tari ya mayar da shi bebe, ya kuma ba mai shi ragowar kusoshi a leda. Ita kuma tana amshi tana danne dariya. Waƙar ta karɓu fiye da yadda muka zata. Mata a kasuwa suna ganina sai su fara ta. Mai kawo gyara sai ya ce don Allah a bar masa kusoshinsa a ciki. Ina dariya tare da kowa, ni nake buga ta ina sayarwa, amma tana cina.

Matar Yaya ta rasu bayan zazzaɓin kwana biyar, ta bar 'ya mace mai shekara uku. Bayan sadakar arba'in Yaya ya zo rumfata da akwatin ƙarfe. Ya ce in tattara uwayen duka in zuba a ciki, in daina buga su, ba ya so ya bi ta kasuwa ya ji muryarta tana fitowa daga shagon wani. Ya ce in ajiye, ranar da zuciyarsa za ta iya zai aiko. Na kai akwatin gida na tura ƙarƙashin gado.

Bai bar waƙa ba. Ya koma wurin wasu samari a unguwar Kalpohin masu ɗauka da kwamfuta, ya yi faifan sidi shida, ba mai amshi, gangar ma ta inji ce. Daga baya sidin ma ya wuce, waƙoƙinsa suka koma memori da waya. Murya ta dushe, haƙora suka ragu, masu gayyatarsa suka zama tsofaffi irinsa. Duk wanda ya fitar sai ya kawo mini ɗaya, ni kuma in tura ƙarƙashin tebur ban saurara ba.

Don a lokacin na riga na canza. Na fara zuwa karatu wurin wani malami a masallacin kusa da rumfata, na daina sayar da kiɗa, na koma wa'azi da tafsiri. Malam ya ce kiɗa haramun ne. Ba zan yi jayayya da wannan a nan ba, malamai sun yi ta magana a kai kuma ba ni da ilimin shiga tsakaninsu. Amma bai taɓa cewa in taɓa kayan wani ba. Wannan nawa ne.

Wani azumi aka sa ni ɗaukar tafsiri kullum. Kaset mai kyau ya fara wuya a kasuwa, sai marasa ƙwari masu cin zare. Na tuna uwayen Yaya duk masu kyau ne, don ba ya yarda a ɗauka a kan na banza. Na jawo akwatin. Na ce wa kaina taimakonsa zan yi, tunda duk wanda ya ji waƙar nan zunubi yana hawa kansa, in na ɗora karatu a kai kuwa lada zai samu. Haka na faɗa wa kaina. Amma uwaye ashirin da uku ne a gabana, kuma lamba bakwai na fara ɗauka.

Ba abu ne da hannu zai yi da kuskure ba. Sai da na yagi takarda na dunƙule, na cusa a ramukan nan biyu da Yaya ya buɗe da wuƙarsa, na bi da salatif, sannan inji ya yarda. Kowane kaset sai na yi masa haka. Cikin azumi biyu da ɗan abin da ke tsakaninsu na gama da su duka. Wa'azin da na ɗora a kan lamba goma sha ɗaya a kan riƙon amana yake. Ina zaune a gaban malam da inji a cinyata, ina ji yana shiga. In na buga na sayarwa daga ciki sai in cire takardar, in mayar da kaset ɗin gidansa da rubutun Yaya a jiki, in jera a akwati yadda yake.

Kowace salla in na je gaishe shi, bayan an ci an sha, sai ya ce, "Malam Injiniya, kayana fa?" In ce suna nan. Ya tambaya ko zafi bai taɓa su ba, in ce suna ƙarƙashin gado wurin sanyi. Ya ce madalla. Ya san ba na son sana'arsa, yakan ma ce in na shiga Aljanna in leƙo ta taga in ga ko yana layi. Amma ko sau ɗaya bai ce in buɗe akwatin ya gani ba. Zafin da nake yi a kan kiɗa ya huce da shekaru, na koma gaisawa da makaɗa, kaset ya mutu na koma gyaran fanka da waya. Ƙaryar ce kawai ba ta canza ba. Sau biyu a shekara nake yin ta.

Bara waccan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da yake kaɗa jita ya mutu, baki ya karkace, magana sai ɗaya-ɗaya da ƙyar. 'Yarsa, wadda yanzu malamar makaranta ce, ta ɗauke shi zuwa gidanta a Kalpohin. Ta tattara sidin nan shida da waƙoƙin waya ta haɗa su wuri ɗaya, tana sa masa da yamma. Wata rana ta tsayar da motonta, wato babur, a gaban rumfata, ko hular kwano ba ta cire ba. Ta ce Babanta ya ce in kawo akwati, yanzu zai iya ji.

Ta ce, "Ni ma ban san muryarta ba, Baba ƙarami. Hoto ɗaya nake da shi, shi ma ta juya fuska. Kowa sai ya ce mini uwarki akwai murya."

Na ce mata makullin ya ɓace, zan nema. Da ta dawo na ce na ga makullin amma injin kaset ɗina bel ɗinsa ya tsinke, sai an samo daga Kumasi. Ta ce in ba ta kaset ɗin kawai, akwai wanda zai juye mata su a kwamfuta. Na ce kaset ɗin da ya daɗe a ajiye ba a ba baƙon hannu. Ta dube ni, ta ce to, ta tayar da moto.

Wata biyu na yi ina yawo. Tunanina shi ne tunda na sayar da su da yawa a da, ba za a rasa masu ajiya ba, in na tattara sai in juye su a kan uwayen, ba wanda zai sani. Ko a lokacin ma hanyar rufe laifi nake nema. Na je wurin ɗan telan nan mai garmaho, wanda ya gaji shagon, ya ce da irin Hausarmu ta nan, "Ai matana ya zubar da su tun da muka canza ɗaki." Na je gidajen tsofaffin direbobi. Wata gwauruwa a Zogbeli ta fito mini da leda cike da kaset, na zauna a ƙofar ɗakinta na duba ɗaya-ɗaya, na sami lamba biyu da lamba uku, duk na kafin aurensa. Na sami lamba tara a wurin wani mahauci, zaren ya manne, ina juya shi da biro ya tsinke gida uku, abin da ya rage kuma sai shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Tunda Yaya ya hana bugawa tun da daɗewa, waɗanda ke hannun mutane an sa su har sun mutu.

Na tuna Fulanin bayan gari suna saye sosai a da, makiyaya suna rataya rediyo a kafaɗa. Wata tsohuwa mai kawo nono kasuwa ta ce mijinta yana da su cike da ƙwarya, in zo. Na hau moto na bi kwatancenta har inda kwalta ta ƙare. Tsohon ya karɓe ni da kyau, ya ma rera mini amshin waƙar layin ruwa da muryarsa ta tsufa. Da na tambayi kaset ɗin sai ya kai ni bayan rugar, inda suka yi 'yar gonar shinkafa a fadama. Sun zare zaren duka sun ɗaura daga sanda zuwa sanda, yana ƙyalli yana kaɗawa, don korar tsuntsaye. Ya ce rediyon ya daɗe da mutuwa, kuma ba abin da ke tsorata tsuntsu kamar wannan. Ya tambaya ko mai jita yana da rai. Na ce yana nan. Ya ce in gaishe shi.

A hanyar dawowa ne na tuna wani abu da duk mai aikin kaset ya sani. In ka ɗora sabon abu a kan tsoho, kuma sabon ya ƙare kafin zare ya ƙare, abin da ke wutsiyar yana nan. Na kawo akwatin rumfa, na jawo inji, wanda dama lafiyarsa ƙalau, na sakaya ƙofa. Kwana uku ina bin ƙarshen kowane gefe. Yawancinsu na cika su har baki, don ni mai tattalin zare ne. A wasu na sami ɗan kaɗa jita, ko tari, ko bugun kalangu biyu. A lamba goma sha huɗu, gefe na biyu, malam ya shafa addu'a, inji ya yi ƙas, sai ga muryar matar Yaya. Ta yi amshi sau biyu, jita ta sauka, aka yi shiru. Sannan ta ce, "Mijina ƙarami, ka kashe? Miyata na kan wuta." Sai wata murya ta saurayi ta ce saura kaɗan, tana dariya. Sai da na sake saurara na gane tawa ce. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Abin da ya rage ke nan daga uwaye goma sha tara da ta yi waƙa a ciki. Na zauna a rumfar har aka kira magariba ban kunna fitila ba. Kuma don in faɗi gaskiya duka, a zaman nan wata ƙaryar na shirya. Na ce zan kai musu wannan guntun, in ce sauran zafi ya cinye su, na gwada sun ƙi. Zan bar akwatin a gida. Amma da safe na ga ba zan iya zuwa da kaset ɗaya tak ba bayan wata biyu, sai na ɗora akwatin da inji a keke mai ƙafa uku, ban san abin da zan ce ba.

Ranar Asabar ce da hantsi. Na sami Yaya a baranda a kan kujerar roba, an sa masa matashi a gefen da ya mutu. Ya ga akwatin sai rabin bakinsa ya yi murmushi. Ya ce, "Injiniya," a hankali, kamar yana ɗaga kaya. 'Yarsa ta kawo tabarma ta zauna a ƙasa, ta buɗe murfin, ta riƙa ɗauko su tana karanta sunayen waƙoƙin da ƙarfi. Shi kuma yana miƙa hannun hagu yana shafa rubutunsa. A kan wasu yakan gyaɗa kai, a kan lamba goma ya rufe ido.

Na ce bari in fara sa musu wani abu. Na riga na tsayar da lamba goma sha huɗu daidai wurin. Na danna.

Da muryar ta fito, 'yar ta dafe bakinta da mayafi. Yaya bai motsa ba, amma yatsun hannun hagunsa suka hau matse hannun kujera kamar yana danna igiyar jita. Da ta yi maganar miya sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Zare ya ƙare, inji ya tsaya. 'Yar ta ce in sake. Na mayar kaɗan na sake. Sau uku. A na ukun tana bin amshin da leɓenta.

Sai Yaya ya ce, "Daga farko."

Ban motsa ba. Ya sake faɗa. 'Yar ta miƙa hannu ta danna na mayarwa da kanta, muna zaune muna jin zaren yana gudu har ya tsaya. Ta danna. Muryar malam ta cika barandar, yana sallama yana buɗe karatu. Ta ce wataƙila an haɗa gidajen ne, ta cire ta sa wani. Malam ne. Ta sa na uku. Ta juya kaset ɗin a hannunta, ta ga sawun salatif a bakin ramukan, ta ɗago ta dube ni. Yaya kuwa tun na farko ni yake kallo.

Na kashe injin. Na sauka daga benci na durƙusa a gabansa a kan siminti, na cire hulata.

Na ce, "Yaya, duka haka suke. Ba zafi ba ne, ba kuskure ba ne. Ni na toshe su na goge da hannuna, tun 'yarka tana ƙarama. Na ce wa kaina don Allah na yi, amma ba don Allah ba ne, haushinka nake ji. Na nema a gari ban samu ba, wannan guntun shi ke nan abin da ya rage. Ka ba ni amana na ci, ka yi ta tambayata ina yi maka ƙarya. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ka yafe mini, Yaya. Ke ma 'yata, na raba ki da muryar uwarki. Ki yafe mini."